Yadda na ƙaura da lambata zuwa wani kamfanin waya, da abin da na tarar a hanya

Noman rani nake yi, tumatir da albasa, a yankin Kadawa cikin ƙaramar hukumar Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga yake biyo magudanai yana shayar da gonakinmu. Wanda bai san harkar kayan gwari ba zai ɗauka taki da iri da fetur ne kaɗai jarinmu, amma waya ma jari ce. Tumatir ba ya jiran kowa. Ranar da aka tsinke shi, ranar ake so ya hau mota, kuma daga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan har kasuwar Mile 12 a Legas, duk abin da ke tsakaninka da direba da dillali a waya yake. Ni kuwa gidana yana can ƙarshen gari, kuma layin da nake riƙe da shi tun 2009 ba ya kamawa a cikin ɗaki ko kaɗan. Akwai ƙusa guda a jikin tagar zaure da nake rataye ƙaramar wayata, nan ne wani lokaci sanda ɗaya take leƙowa. In kira mai muhimmanci ne sai na fita har bakin katangar makarantar firamare. Haka na yi shekaru ina lallaɓawa, har na saba, iyalina ma suka saba.

Abin da ya fitar da ni daga wannan sabon ya faru a watan Fabrairun 2024. Mun haɗa lodi mu huɗu, motar ta tashi da yamma, cikin dare ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba. Ni ne na yi ciniki da direban, lambata kaɗai ke hannunsa. Ya yi ta kira tun wajen ƙarfe 2 na dare yana neman izinin a juye kayan a wata mota da ta tsaya, da kuɗin da za a ba masu juyewar, ana ce masa ba a samuna. Mai waccan motar ya gaji da jira ya wuce. Ban san halin da ake ciki ba sai da hantsi, da na fito bakin titi saƙonni suka shigo a jere. Kafin a sami wata motar kayan sun kwana biyu a rana, da suka isa Legas ƙasan kwandunan duk ya zama ruwa. Asarar ba tawa ce ni kaɗai ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Abokan lodin ba su ce mini komai ba, amma na daɗe ina jin nauyin haɗa ido da su.

Kowa ya ba ni shawara iri ɗaya: ka sayi wani layin mana, ai ba tsada. Na saya ɗin, amma bai magance komai ba, domin mutane tsohuwar lambar suka sani. Dillalai a Legas da Fatakwal, direbobi, masu kawo mini iri daga Zariya, 'yan uwa, duk ita suke kira. Ita ce a banki, ta nan alat yake shigowa, da ita na yi BVN. Lambar da ta shekara 15 a hannun mutum ta zama kamar sunansa. Sai da ɗan yayana da ke karatu a Kano ya zo hutu, ya gan ni tsaye a bakin katangar nan ina ɗaga waya sama, ya ce: “Baffa, ai za ka iya komawa wani kamfanin da wannan lambar taka, ko lamba ɗaya ba za a canza ba.” Na ce wane kamfani ne zai yarda a fita masa da lamba? Ya ce ba alfarma ba ce, doka ce. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fara wannan tsarin tun Afrilun 2013, kuma kyauta ake yi. Ma'aikatan kamfanonin suna ce masa fotin. Shekara 11 ana yi, ni ban taɓa ji ba, kuma da na tambaya a majalisarmu babu ko mutum ɗaya da ya taɓa ji.

Ban yi gaggawa ba, don kada in gudu daga wata matsala in faɗa irinta. Da damina ta wuce, na ɗauki mako guda ina gwaji. Na ari wayoyin maƙwabta masu layukan sauran kamfanonin, in shiga da su har ƙuryar ɗakina in kira, in je gona in kira, in gwada da asuba, in gwada bayan isha'i lokacin da kowa ke kan waya. Na gwada har ranar kasuwa, domin na lura akwai layin da yake da kyau ranakun da ba kowa, amma da jama'a sun taru sai kira ya ƙi fita. A cikin wannan makon na haɗu da wani ma'aikaci da ya zo zuba man dizal a injin ƙarfen sabis ɗin da ke hanyar shiga garinmu. Na tambaye shi me ya sa ga ƙarfe a tsaye muna kallonsa amma layina ba ya kamawa. Ya ce: “Alhaji, yawancin ƙarafan nan ba na kamfanonin layi ba ne, na wasu kamfanoni ne daban da ke ba da haya. Wanda ya kama haya ya ɗaura na'urarsa, shi ne zai kama a nan. Naka layin daga wani ƙarfen can nesa yake janyowa.” Nan na gane ashe jira ba zai gyara komai ba. A ƙarshen mako ɗaya daga cikin layukan ya fita zakka: yana kamawa a ɗaki, yana kamawa a rabin gonata. Shi na zaɓa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin wanda ya yi mini kyau a nan yana iya zama shi ne matacce a garinku.

Tafiyata ta farko Kano ranar Litinin ce, farkon Nuwamba. Abu na farko da ya kamata a sani: ofishin kamfanin da za ka koma ake zuwa, ba na wanda za ka bari ba. Ni da farko na ɗauka sai na je na nemi sallama daga tsohon kamfanin, ɗan yayana ya ce ba a haka. Na tafi da takardar NIN ɗina, da katin zaɓe, da wayar da layin ke ciki. Kuɗin mota naira 2,000 zuwa, sai 500 na adaidaita sahu. Na isa wajen ƙarfe 10 na safe na tarar da ofishin a cike, mai gadi ya miƙo mini ƙaramar takarda mai lamba 63. Yawancin mutanen da ke zaune, ko dai an sace musu waya sun zo a dawo musu da layi, ko an rufe musu layi saboda NIN. Na yi awa biyu da rabi a kan benci kafin a kira ni. Wata matashiya ce a teburin, mai haƙuri ƙwarai. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni ta ce: “Sannu da zuwa, Baba. Kafin mu fara, akwai bashin kati a layin?” Na ce babu. Ta ce to in sani duk katin da ya rage da duk data ko garaɓasa ba za su biyo ni ba, can za su tsaya. Akwai naira 1,300 a ciki, na tura wa maiɗakina nan take. Ta kuma ce lambobin da ke ajiye a tsohon sim ba za su dawo cikin sabon ba, kuma in na ƙaura sai na yi wasu makonni kafin a yarda in sake ƙaura, don haka in tabbata na yanke shawara.

Ta cike fom, na sa hannu, ta ɗauki hotona da zanen yatsuna, sannan ta ce in rubuta kalmar PORT in tura zuwa 3232 daga tsohon layin. Wannan saƙon shi ne shaidar cewa mai layin ne da kansa ya nemi ƙaura, shi ya sa dole layin ya kasance yana aiki kuma yana hannunka a lokacin. Na tura, amsa ta shigo cewa an karɓi buƙatata. Ta ce in ɗan zauna. Na koma benci ina murna, har na fara lissafin wa zan fara kira daga cikin ɗaki. Bayan kamar minti 40 ta yafito ni, na ga fuskarta ta sauya. Ta ce: “Baba, an ƙi amincewa. Bayanan da ka ba mu ba su yi daidai da na mai layin ba. Ka tabbata da sunanka aka yi masa rajista?” Na ce layina ne, shekara 15 yana hannuna. Ta ce ba ta musa ba, amma abin da ke rubuce a wajen wancan kamfanin shi ake bi, kuma ita ba ta da ikon ganinsa, sai dai in je can in tambaya.

A cikin adaidaita sahu, kan hanyar zuwa ofishin tsohon kamfanin, abin ya faɗo mini. Yayana ne ya saya mini layin. A 2011 da aka ce kowa ya yi wa layinsa rajista, ina Legas wajen kaya, na bar wayar a gida, shi ya kai ta wurin masu lema a bakin kasuwa aka ɗauki hotonsa da yatsunsa. Da gwamnati ta ce a haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, yaransa ne suka haɗa duk layukan gidan, nawa kuma ya hau kan NIN ɗinsa ba tare da wata tangarɗa ba, tunda dama sunansa ne a kai. Shi ya sa duk rufe layukan da aka yi ta yi a 2024 bai taɓa ni ba, shi ya sa kuma ban taɓa zargin komai ba. A can ma na bi layi na awa guda, ma'aikacin ya duba kwamfuta ya karanto mini farkon sunan, na ce yayana ne. Ya ce babu abin da zai iya yi sai mai sunan ya zo da ƙafarsa. Na fito la'asar sakaliya, ko abinci ban ci ba, na hau mota na koma gida. A hanya jikina ya yi sanyi. Kuɗina na banki, cinikina, duk suna rataye a kan layin da a takarda ba nawa ba ne. Da wayar ta ɓata, ni ba za a ba ni layin ba. Da kuma ta Allah ta kasance a kan Yaya, ban san ta inda zan fara ba.

Yaya ya haura shekara 60, ga ciwon gwiwa, tafiya Kano ba ƙaramin aiki ba ce a wurinsa. Da na yi masa bayani ya ce: “To ai sai mu je, haƙƙinka ne.” Ranar Alhamis muka yi sammako, muka isa kafin a buɗe ofis, muka sami lamba 7. Wannan sammakon ya rage mana wahala sosai, kuma shi nake ba kowa shawara. An nemi NIN ɗin kowannenmu, aka ɗauki hoton Yaya da yatsunsa don a tabbatar shi ne, ya sa hannu a fom cewa ya sallama mini layin. Ni kuma aka tambaye ni lambobin da na fi kira da katin da na sa na ƙarshe. Allah ya taimake ni ɗan yayana ya gargaɗe ni, na rubuto su a takarda tun daga gida. Ana cikin ɗaukar nawa bayanan sai na'urar tantancewa ta tsaya, aka ce netwok ya ɗauke. Muka zauna daga ƙarfe 9 da rabi har bayan azahar. Na ji tausayin Yaya, yana ta miƙe ƙafa yana murza gwiwa, bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Wajen ƙarfe 2 ya dawo, cikin minti 10 aka gama. Ba su karɓi ko kwabo ba. Ma'aikacin ya tambaye ni dalilin da ya sa nake son barinsu, na faɗa masa gaskiya, ya ce zai rubuta ƙorafin. Sannan ya ce tunda yanzu aka taɓa bayanan layin, in bari ya kwana bakwai kafin in sake neman ƙaura, in ba haka ba za a iya sake ƙi. Na bi maganarsa, har na ƙara kwana uku a kai.

Zuwa na uku na tafi da ɗan yayana, domin na yi niyyar in haɗa da sayen waya. Matashiyar nan ta gane ni, ta ce: “Baba, an gyara?” Na ce an gyara, 'yata. Aka sake komai daga farko: fom, hoto, yatsu, saƙo zuwa 3232. Wannan karon saƙo na biyu ya shigo cewa an amince. Ta ba ni sabon sim a cikin katinsa, ta ce kada in sa shi tukuna, in ci gaba da amfani da tsohon har sai na ga sabis ya ɗauke gaba ɗaya, sannan in canza. Ta ce ƙa'ida ba ya wuce awa 48, amma galibi ba ya kaiwa haka. Na ce mata a gidana ai kullum a ɗauke yake, ta yaya zan gane? Ta yi murmushi ta ce to in jira saƙon ƙarshe, ko kuma da safe in sa sabon in gani. Kuɗin sim ma ba ta karɓa ba.

Daga nan muka wuce kasuwar waya ta Farm Centre. Dalilin da ya sa na yanke shawarar barin ƙaramar waya shi ne dillalina na Legas ya daɗe yana cewa in riƙa turo masa hoton kaya kafin a yi lodi, kamar yadda sauran manoma ke yi, ya san irin masu sayen da zai tara. Kuma ƙaramar wayata 2G kaɗai take kamawa, alhali sabon layin ƙarfinsa a garinmu a 4G yake. Tun daga bakin ƙofa samari suka yanyame mu, kowa yana cewa Alhaji zo ka gani. Da ni kaɗai ne da na rikice. Ɗan yayana ya ja ni muka shiga shago sosai mai suna a rubuce da rasit. Mai shagon ya jera mana Tecno da Itel da Infinix da Redmi, ya kuma fito da wasu na hannu masu kyan gani, farashinsu ƙasa da na sababbin. Raina ya biya da wata ta hannu, amma yaron ya raɗa mini: “Baffa, ba ka san hannun da ta fito ba.” Duk wanda ke Kano ya san yadda ƙwacen waya ya addabi mutane, kuma wanda aka samu da wayar sata a hannu shi ake fara kamawa, ko da kuɗinsa ya saya. Na haƙura. Abu uku na ce a duba mini: batir mai daɗewa, tunda wutar lantarki ba ta zama a wurinmu, gurbin sim biyu, da murya mai ƙarfi da zan ji ko injin ban-ruwa na aiki. Muka tsaya a kan wata mai babban batir. Mai shagon ya ce naira 135,000, muka yi ta ja har ya sallama a 122,000. Gilashin kare fuska da riga suka ci 3,500.

Kafin in biya, ɗan yayana ya sa aka yanke ledar kwalin a gabanmu, ya kunna wayar ya danna *#06#. Wasu lambobi 15 suka fito, ana ce musu IMEI, su ne shaidar kowace waya. Ya gwada su da na jikin kwalin suka yi daidai, ya kuma sa mai shagon ya rubuta su a rasit tare da hatiminsa. Kwalin da rasit ɗin suna cikin akwatina har yau. Sai maganar Gmail, wanda sai da shi wayar za ta yi aiki yadda ya kamata. Wani yaro a shagon ya miƙo hannu zai buɗe mini, ɗan yayana ya ce a'a, shi zai yi, kuma ya sa ni na zaɓi kalmar sirrin da kaina na rubuta a ɗan littafin lissafina. Daga baya na ga amfanin haka. Maƙwabcina a shago aka buɗe masa, bai san me aka sa ba, da wayarsa ta lalace duk lambobinsa da hotunansa suka tafi. Kwashe lambobi ne ya fi cin lokaci. Ashe wasu a sim suke, wasu a cikin wayar, sun kai 340. Muka zauna a masallacin kasuwa bayan la'asar, ya tura waɗanda suka yarda ta bulutut, sauran kuma ina karantowa yana rubutawa. A yi wannan aikin kafin tsohon sim ya mutu, hankali ya fi kwanciya.

Washegari bayan sallar asuba na ɓalle sabon sim daga katinsa, ƙaramin yanka na ciki wanda sabuwar wayar ke ɗauka, na sa. Ina zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki sai ga sanduna huɗu. Na kira lambar maiɗakina, wayarta ta yi ƙara a tsakar gida, kuma tsohuwar lambata ce ta fito mata da sunana. Na kira Yaya, na kira direban nan na Mokwa. Ya ce: “Maigida, yau kuma daga ina kake kira haka tar?” Na ce daga kan shimfiɗata. Na daɗe ban ji daɗin wani abu kamar na wannan safiyar ba.

Amma aikin bai ƙare a nan ba, akwai ƙananan abubuwa da suka biyo baya waɗanda ba wanda ya gaya mini. Kwana biyu na farko lambar da nake dannawa in tura kuɗi daga banki ta ƙi aiki, alat ma bai shigo ba. Hankalina ya tashi, na kira bankin, suka ce tsaro ne, in an sauya sim suna dakatarwa na ɗan lokaci saboda ɓarayin da ke sace layin mutane su kwashe musu kuɗi. A rana ta uku komai ya dawo da kansa. Don haka kada mutum ya yi ƙaura a ranar da yake jiran kuɗi ko zai biya lebura, ya tanadi tsabar kuɗi a hannu. Sai mai sayar da kati na bakin titinmu: na ba shi 1,000 ya turo mini, ya duba farkon lambar ya zaɓi tsohon kamfanin kamar yadda ya saba, katin ya ƙi shiga. Shi da ni muka yi ta mamaki kafin in tuna. Yanzu farkon lamba ba ya nuna kamfani, duk mai turo mini kati ko data sai na gaya masa inda na koma. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne tun 2023 aka daidaita gajerun lambobi a duk kamfanoni: *310# duba kuɗi, *311* sa kati, *312# sayen data, *323# duba ragowarta, 300 kuma kiran ma'aikatansu. Ban sake haddace komai ba.

Data ce ta fi ba ni wahala. Na sayi ta wata guda, ta ƙare a kwana huɗu, ni kuwa ban kalli komai ba sai hotuna 'yan kaɗan. Na ɗauka cuta ce, har na fara da-na-sani. Da ɗan yayana ya duba sai ya nuna mini inda ta tafi: manhajojin wayar suna sabunta kansu cikin dare, ga kuma zaurukan WhatsApp uku da aka jefa ni ciki, na dangi da na manoma da na masallaci, duk bidiyon da aka turo wayar tana saukewa da kanta ko ban buɗe ba. Ya kashe waɗannan biyun, ya koya mini rufe data in ba amfani nake ba. Tun daga nan ta wata tana kai ni wata. Wannan ya ƙara muhimmanci bayan da NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Saƙonnin talla kuma da suka dame ni, na tura STOP zuwa 2442 suka ragu. Caji a wajen mai sola nake yi in wuta ta daɗe ba ta zo ba, cika ɗaya yana kai ni kwana biyu. Ƙaramar wayar ban yar da ita ba, na sa mata ɗaya layin, ita nake shiga da ita cikin ruwa da taɓo.

In an haɗa lissafi, ƙaurar kanta ban biya mata komai ba. Abin da ya ci kuɗi zirga-zirga ce: zuwa uku, biyu daga ciki mu biyu, da abinci, ya tasam ma naira 27,000, ga kwana uku da na bar gona. Da na san layin ba sunana ne a kai ba, da na fara da gyara wannan, da zuwa biyu ya ishe ni. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni nake ce masa ya fara danna *996# ya duba matsayin layinsa da NIN, ko ya shiga ofishin kamfaninsa ya ce a karanto masa sunan da ke kai. In na wani ne, a je a gyara tun mai sunan yana raye kuma yana kusa, ko da ba a da niyyar ƙaura. Sannan a gwada sabon layin a inda ake kwana da inda ake aiki, kada a bi talla ko maganar mutanen birni. A biya bashin kati, a ƙarar da ragowar, a kwashe lambobi. In kamfani ya ƙi sakin lamba ba tare da dalili ba, ko an kai ƙorafi an yi shiru, akwai lambar NCC ta kyauta, 622. Ni ban kai ga kiranta ba, amma na ajiye ta.

Ba zan ce sabon layin ba shi da aibu ba. Can ƙarshen gonata wajen magudanar ruwa har yanzu sai na hau kan kunya kafin ya kama, kuma akwai ranar da ya ɗauke tun safe har yamma, aka ce wayar ƙarƙashin ƙasa ce aka yanke wajen aikin titi. Amma a kakar tumatir da ta biyo baya ban rasa kiran dare ko ɗaya ba. Kafin a ɗaure kwanduna nakan ɗauki hoto in tura Legas, dillali ya turo saƙon murya ya faɗi yadda kasuwa ta kwana, in ta faɗi mu karkatar da motar wani garin tun ba ta tashi ba. Direba kuma yana turo mini inda ya kai a taswira.

Bayan abin da ya same ni, ni da Yaya muka zauna muka bi layukan gidan ɗaya bayan ɗaya. Na matarsa da na yaransa biyu duk a kan sunansa suke, an riga an gyara biyu. Na Inna kuma, wanda ta nan jikokinta ke turo mata kuɗi, ashe da sunan ƙanwarmu da ke aure a Gusau aka yi masa rajista. Na kira ta na yi mata bayani, ta ce za ta taho da takardar NIN ɗinta in ta zo Sallah, mu ɗauki Inna a mota mu yi sammako.